Ku Tambayi Bakanike: Kat-kat mai gazuwal ko mai esansi da aka sa wa gas?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan wasiƙu sun taru sosai kuma kusan rabinsu akan abu ɗaya suke, wato maganar mai, shi yasa na ware filin gaba ɗaya saboda ita, masu tambayar birki da giya ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kaimu. Amma kafin in fara bari in warware wani ruɗani tunda muna da masu karatu a Yola da Mubi. In na ce gazuwal to dizal nake nufi, wanda ku a can kuke ce wa man gas. In na ce esansi fetur kenan. In kuwa na ce gas kawai to iskar gas nake nufi, irin wadda ake girki da ita, wadda a takardun mota na Faransanci zaka ga an rubuta GPL.

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba bakanike, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Ni ɗan kasuwar hatsi ne da gyaɗa anan Garwa, ina cin kasuwannin ƙauye, Pitowa, Adumri, Ngong, wani lokacin har Tuboro, kuma da damina ma bana zama. Na tara ɗan abin da na tara ina so in sayi kat-kat okaziyo, wato mota mai jan taya huɗu ta hannu, na ga Land Cruiser 80 guda biyu a wajen dillali ɗaya. Ta farko mai gazuwal ce inji 1HZ, jikinta ya sha wuya kujeru duk sun yage amma tana tashi lafiya, ta biyu mai esansi ce inji 4.5 daga Beljiyam ta zo, tsaf da ita kamar ba a taɓa shiga daji da ita ba kuma an riga an sa mata tankin gas tun can. Mai gazuwal ɗin ta fi tsada da miliyan ɗaya da rabi duk da tsufanta. Babban ɗana yana karatu a jami'ar Ngaundere ya dage wai in ɗauki mai gas ɗin saboda gas yafi araha nesa ba kusa ba kuma a Turai haka ake yi. Ni kuma raina yana kan mai gazuwal amma kuɗin ne. Don Allah ka bani shawara tsakani da Allah. Daga mai karanta filinka kullum, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi ya yi wa yaron albarka. Ka sayi mai gazuwal ɗin, in har injinta ya tsallake gwajin da zan faɗa maka a ƙasa. Na fara da amsar ne don kar in ja maka rai, amma ka sani yaron naka bai yi ƙarya ba, lissafinsa daidai yake, abu ɗaya kawai ya manta.

Bari mu yi lissafin tare. A Fabrairun 2024 farashin gwamnati a gidan mai anan Kamaru ya koma esansi sefa 840 lita, gazuwal 828, kaga kusan babu bambanci, ba kamar da ba lokacin da gazuwal yake 575 esansi 630. To a yadda nake ganin motocin nan a gareji, 1HZ mai lafiya da ɗan kaya tana shan kamar lita 13 a kilomita 100, ita kuwa 4.5 ɗin, wato 1FZ, in ta sha 19 to ka gode Allah, cikin yashi ko taɓo tana wuce haka. Kenan mai gazuwal wajen sefa 10,800, mai esansi wajen 16,000. In aka juya ta kan gas tana ƙara sha da kamar kashi ɗaya cikin biyar domin litar gas bata kai litar esansi ƙarfi ba, sai ta koma lita 22 ko 23. Tukunyar gas ta kilo 12.5 kuwa abin da ke cikinta in an auna da lita ya kusa 22, kuma farashinta na hukuma 6,500. Kaga kenan kilomita 100 a kuɗin tukunya ɗaya. Duk wanda ya ga wannan lambar dole ransa ya biya, ban ga laifin yaro ba ko kaɗan.

Abin da ya manta shine, a ina zaka sha gas ɗin? A Beljiyam da Holan da Italiya da Turkiyya famfon gas na mota yana nan a gidan mai kusa da na esansi, ka tsaya a ɗura maka ka biya ka wuce. Ni kuwa shekara sama da 30 ina bin hanyar nan daga Ngaundere zuwa Kuseri ban taɓa tsayawa a gidan mai na ga famfon da ake ɗura wa mota gas ba. Gas ɗin da muke da shi na tukunya ne, na girki, kuma ba a yi shi don a juye a tankin mota ba, zan yi bayanin wannan a amsar da ke biye domin wani ya tambaya. To in babu inda zaka sha, motar nan ta Beljiyam sunanta mota mai esansi wadda take ɗauke da tankin ƙarfe fanko a ƙarƙashinta, shikenan. Don haka lissafinka na gaskiya tsakanin 10,800 ne da 16,000. In kana yin kilomita 2,000 a wata, kuma mai cin kasuwar Tuboro yana yin haka cikin sauƙi, bambancin ya haura sefa 100,000 duk wata, kafin wata 15 miliyan ɗaya da rabin nan ta dawo aljihunka.

Na san wani zai ce ai akwai zuwa-zuwa, wato man sumoga. Da can haka ne, mutanen Garwa da Marwa da yawa sun sayi manyan motocin esansi ne saboda man Najeriya da ake shigo da shi a jarka yana arha ƙwarai. Amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai wancan zamanin ya wuce, yau ya ɗan sauka gobe ya hau, ba abin da mutum zai gina sayen mota akansa bane.

Sai maganar daji, wadda a wajena ta fi maganar kuɗi. Ita 1HZ injin lita 4.2 ne silinda shida, Toyota ta fara yinsa a 1990, ba turbo, ba kwamfuta, famfonsa na ƙarfe ne zalla. Ƙarfinta a ƙasa yake, wato tun inji yana juyawa a hankali take ja, kuma abin da kake buƙata kenan in ka faɗa baƙar lakar karal da damina, ka sa ƙaramin giya ka bar ta tana tafiya kamar sa yana huɗa ba sai ka taka totur taya ta yi ta juyawa tana haƙa maka rami ba. In kazo tsallake mayo, wato rafi, babu buji (fulogi) babu wayar wuta da ruwa zai jiƙa ta mutu maka a tsakiya. Amma a kula, ruwa in ya shiga ta wajen shan iska injin gazuwal yafi saurin lalacewa saboda matsinsa yana da yawa, nan take sandar fistin ke lanƙwashewa, don haka bututun shan iska na sama ba ado bane a wajenka, ka sa shi kafin damina. Kuma duk ƙauyen da ake noman auduga akwai tarakta akwai manyan motoci akwai injin niƙa, zaka sami wanda ya iya cire iska daga famfon gazuwal ko da da sufana ɗaya ne. Gaskiya ne esansi na kwalba ya fi gazuwal samuwa a ƙananan ƙauyuka saboda masu babur, wannan ban musa ba, sai dai ka tuna motar da ke shan lita 19 kwalba nawa zata isheta, kuma wane irin mai ne acikin kwalbar.

Wannan ya kawo ni kan jarka. Duk mai shiga daji yana ɗaukar man ajiya. Gazuwal baya kama wuta da sauƙi, sai ya yi zafi sosai kafin tururinsa ya kama, esansi kuwa ko da sanyin asuba tururinsa jiran tartsatsi kawai yake. Waɗanda suka tuna haɗarin gangaren Dschang na Janairun 2021, inda bas ta yi karo da motar da ke ɗauke da man jarka mutum sama da 50 suka ƙone, sun san abin da nake faɗa. Kai da kake ɗaukar yaran shago da buhuna a mota ɗaya cikin zafin watan Afrilu, ni hankalina yafi kwanciya ace gazuwal ne a jarkar.

Ba wai mai gazuwal ɗin bata da aibu bane. 1HZ doki 130 ne kacal, ita 1FZ ta haura 200, in ka loda gyaɗa kazo hawan dutsen Mbe a hanyar Ngaundere zaka ga har manyan bas suna wuce ka, kana giya biyu tana baƙin hayaƙi. Haƙuri zaka yi ka sa ido akan allurar zafi. Kuma don Allah kar wani ya ruɗe ka ya ce zai ɗaura mata turbo, ba a gina fistin ɗinta don haka ba, wanda Toyota ta gina da turbo daban ne sunansa 1HD-T.

Yanzu gwajin. Kar ka yarda ka je ka tarar an riga an tayar da ita ta yi zafi, ka ce wa dillali da sassafe zaka zo kuma kai da kanka ka ɗora hannu akan inji ka ji da sanyinsa. Inji mai lafiya bugu ɗaya yake tashi bayan fitilar hita ta mutu, ɗan farin hayaƙi na 'yan daƙiƙu ba komai, amma in ya daɗe yana fari ko yana shuɗi ko injin yana rawa kamar silinda ɗaya bata aiki to akwai magana. In ta yi zafi ka buɗe murfin da ake zuba man inji ka ɗora shi a bakin ba tare da ka murɗa ba, in yana ɗan motsi ba laifi, in kuwa iska tana cilla shi sama hayaƙi na fita kamar murhu to ringi sun gama aiki. Tun tana da sanyi ka buɗe lagireto ka tayar ka duba ko ruwan yana kumfa ko akwai maiƙo a samansa. Ka biya bakanike naka na kanka, ba na dillali ba, ya auna matsin silinda shidan duka. Lambar kilomita da ke kan allo kuwa kar ka ko kalle ta, ka dubi yadda feda da sitiyari suka cinye. Ka shiga ƙarƙashi da tocila ka ƙwanƙwasa shasi musamman ta baya. In ka saya, kafin ka je ko Pitowa ka canja bel ɗin taimin ko da an rantse maka sabo ne, ana canja shi duk kilomita 100,000 kuma in ya tsinke fistin da bawul ne zasu haɗu.

In kuwa ta faɗi gwajin nan, to kar ka saye ta don sunanta 1HZ, gyaran inji da famfo da nozul zai cinye maka wata miliyan ɗin. A nan sai ka koma kan ta Beljiyam, inji ne mai ƙarko shima, sarƙa yake da ita ba bel ba, amma ka yi cinikinta a matsayin mai esansi, kar ka biya ko dala saboda gas. Ka sa a auna matsi a kuma auna tazarar bawul, domin gas busasshe ne kuma yana ƙonewa da zafi, motar da ta yi shekaru akansa mazaunin bawul ɗinta yana cinyewa a hankali, ita kuma 1FZ bawul 24 gareta kuma basa daidaita kansu. Ka yi doguwar tafiya da ita akan esansi, saboda mai ita na can wataƙila tayarwa kawai yake da esansi, famfon tanki da injekta masu fesa mai cikin inji sun daɗe basu yi aikin kirki ba.

Sannan ka cire kayan gas ɗin gaba ɗaya. Ina faɗin haka ne saboda abin da ya faru da ni. Akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da muke ce wa bapo, shi ke mayar da ruwan gas ya zama iska, kuma da ruwan zafi na lagireto yake aiki, wato an yanka tiyon ruwa na mota an ƙara wasu tiyo biyu zuwa wajensa. Wata shekara na raka wani maigidana Poli da irin wannan motar, bamu taɓa kunna gas ɗin ba tunda aka saye ta, ashe ɗaya daga cikin tiyon nan ya tsufa ya tsage ta ƙasa inda ido baya gani, ruwa ya tsiyaye muna cikin tafiya, kafin direba ya lura da allura juwan kulas, wato gasket ɗin kan inji, ya ƙone. Kwana biyu muka yi a gefen hanya da mace da ƙananan yara a motar, har yau in na tuna raina yana ɓaci domin abu ne na minti talatin da an cire shi tun a gareji. In an cire a mayar da tiyo yadda kamfani ya yi, a haɗe wayoyin injekta da aka yanka da dalma ba da salatif ba, tankin ma a sauke shi, dama a mazaunin safaya taya ake ɗaura shi yana rage wa mota tsayi daga ƙasa, ka mayar da tayarka wajenta.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni direba ne a Injamena ina da Pajero V6 mai esansi ina ɗaukar fasinja da kaya zuwa Masakori har Mawo. Tunda aka ƙara kuɗin mai wallahi aikin ba riba. Wani mai gyara a unguwarmu yace zai haɗa min ita da tukunyar gas ta girki a baya, yace ya yi wa masu janareto da yawa kuma lafiya lau. Kuɗin haɗawar ma ba yawa. In yi? Ɗanka daga Injamena.

AMSA: Ɗana kar ka yi. Na san abin da ke damunka, a Fabrairun 2024 litar esansi a Cadi ta tashi daga sefa 518 zuwa 730 dare ɗaya, alhali matatar Jarmaya tana nan kusa da ku tun 2011, dole abin ya yi ciwo. Amma janareto daban mota daban. Janareto yana ajiye a tsakar gida iska tana kaɗawa, baya motsi, kuma ɗan gas kaɗan yake ja. Motarka inji ne na lita 3, yana tsalle a hanyar Mawo, da mutane a ciki.

Tankin gas na mota na gaskiya ƙarfensa mai kauri ne, ana ɗaure shi da shasi, kuma a bakinsa akwai wani bawul mai aiki da yawa: yana tsayar da ɗuri in ya kai kashi 80 cikin 100 domin ruwan gas yana kumbura in ya ji zafi dole a bar masa wuri, yana rufe kansa in bututu ya tsinke, yana rufewa in an kashe mota, in matsi ya yi yawa kuma yana fitar da shi waje ba cikin mota ba. Tukunyar girki da detandarta, wato kan da ke rage matsin gas, da tiyon roba basu da wannan tsarin. In ka tsayar da ita a tsaye iska take bayarwa, injin zai ja fiye da yadda take iya bayarwa sai ka ga jikinta ya yi raɓa har ƙanƙara, ƙarfin gas ya faɗi, mota ta rinƙa shaƙewa tana harbi ta wajen shan iska, bawul suna cin wuta. In kuma aka kwantar da ita don ta bada da yawa to ruwan gas ne zai bi ta detandar da ba a yi ta don ruwa ba. Lita ɗaya ta ruwan nan in ta fita tana zama iska kamar lita 250, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, bata tashi sama ta tafi, kwanciya take a ƙasan mota ƙarƙashin kujeru, kashi 2 cikin 100 kawai ya isa ta kama. Fasinja ɗaya ya ƙyasta ashana ko wayar fitilar baya ta yi tartsatsi, shikenan. Ka ƙara da zafin Injamena a watan Afrilu, inuwa ma ta haura 40 balle cikin motar da aka rufe a rana.

Masu juye gas daga tukunya zuwa tankin mota a bayan gida su ma haka, wasu har kife tukunyar suke suna zuba mata ruwan zafi, Allah ya kiyaye. Duk gareji mai rami da aka yi wannan a cikinsa gas ɗin a ramin yake taruwa.

Kuma ko ta fuskar riba, tukunyar kilo 6 bata wuce lita 10 da ɗan kai ba, a motarka kilomita 60 ne da ƙyar, tukunya nawa zaka jera kafin Mawo, ina fasinja zasu zauna. Ga shi gas ɗin nan gwamnati ta sa masa tallafi ne don mata su sami na girki tun bayan da aka hana gawayi, kai ka san layin da ake yi da tukwane in ya yi wuya a gari. Abin da zan ce ka yi, ka canja buji da wayoyinsu, ka wanke filtar iska kullum ka dawo daga Mawo ka canja ta in ta gaji, ka sa a duba injekta, ka daidaita iskar taya in ka fito daga yashi ka hau kwalta, ka sauke duk ƙarfen da ke kan rufi wanda baka aiki da shi. V6 ɗin da aka yi sakaci da ita tana iya shan lita uku ko huɗu na banza a kowane kilomita 100. In ka sami hali nan gaba ka sayar ka nemi Pajero mai gazuwal 2.8, inji 4M40.

TAMBAYA: Malam bakanike ina wuni. Ina zaune a Ngaundere ina harkar atamfa da kayan ɗaki, ina zuwa Maiganga da Tibati da Banyo. Ina son Prado ko Hilux mai ƙofa huɗu. Direbana yace mai gazuwal D-4D, ƙanina kuma yace D-4D asara ce gara mai esansi. Kullum kana yabon gazuwal shi yasa nace bari in ji daga bakinka. Hajiya, daga Ngaundere.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya sa albarka a kasuwa. Gazuwal ɗin da nake yabo ba duka bane, tsohon zubi nake yabo, 1HZ da 3L da 5L na Toyota da TD42 na Nissan, masu famfon ƙarfe. D-4D wani abu ne daban. Kwamfuta ke sarrafa shi, man yana shiga da matsi mai tsanani sama da bar 1,000, ramukan nozul ɗinsa kusan sirantar gashin kai garesu. Yana da ƙarfi, baya shan mai, baya ƙara, tafiya da shi akwai daɗi wallahi. Amma baya yafe mugun mai. Ruwa kaɗan ko ƙura ko gazuwal ɗin da aka sirka da kananzir, wanda tsohon inji zai haɗiye ya yi tari ya wuce, shi a wajensa injekta huɗu ne da famfo, kuma ba gyaran gindin bishiya bane sai mai na'ura. Injekta mai zubar da mai in aka ƙyale ta har fistin take fasawa.

To ƙaninki yana da gaskiya rabi direbanki yana da rabi. Ke a Ngaundere kike, inda jirgin ƙasa ke sauke mai a depo kafin tankoki su wuce da shi arewa, samun mai mai kyau a gidan mai ba wuya bane a wajenki. In zaki iya riƙe doka ɗaya, wato a cika tanki a gidan mai kafin a fita kuma direba kar ya kuskura ya sayi na duro a hanya ko da an ce rabin kuɗi ne, a canja filtar gazuwal akan lokaci da ta asali, a rinƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasanta, in da hali a ƙara filta ta biyu mai raba ruwa, to D-4D zata yi miki shekaru. Ki rinƙa karɓar rasit da kanki. In kuwa kin san motar zata rinƙa kwana a hannun mutane daban daban, yau direba gobe ɗan 'yar uwa, to ki ɗauki mai esansi 2.7, inji 3RZ ko 2TR, zata fi shan mai amma kowane bakanike a Tibati ya san ta. In kin ci karo da Hilux ko Prado mai 5L mai lafiya kuwa ki riƙe ta da kyau, sai dai ki sani bata gudu.

TAMBAYA: Baba ni ɗan Gidar ne ina shiga Mubi da Yola saro kaya. Naji a Najeriya gwamnati tana juya motoci zuwa CNG. In kai Hilux ɗina mai esansi a juya min? Kuma wai tankin GPL zai iya ɗaukar CNG?

AMSA: Ƙanina tambayarka ta biyu ita ce mai haɗari don haka da ita zan fara: a'a, ko kusa. GPL ruwa ne a tanki kuma matsinsa bai cika wuce bar 10 ba, CNG kuwa iska ce da ake dannawa har bar 200. Tankin GPL in aka sa masa wannan fashewa zai yi. A Oktoban 2024 a birnin Benin na Najeriya wata mota ta tarwatse a wajen ɗurin CNG saboda tukunyar da aka sa mata haɗin mai walda ce, mutane suka ji munanan raunuka. Shirin na Najeriya gaskiya ne, tun 2023 aka fara shi bayan cire tallafi, kuma ga mai taksi a Abuja ko Legas da yake kwana kusa da wajen ɗuri yana da amfani. Kai kuwa a Gidar kake kwana. Tukunyar CNG nauyi gareta, zata cinye maka wajen kaya a bayan Hilux, tafiyar da take yi kafin ta ƙare gajera ce, in ka tsallako gida kuma babu inda zaka ƙara. Ka bar motarka yadda take.

TAMBAYA: An yi min tayin Nissan Patrol mai gazuwal inji 3.0 da arha sosai, ance ta fi 4.2 ƙarfi. Daga Yagwa.

AMSA: ZD30 kenan, silinda huɗu da turbo. A kan kwalta ta fi TD42, wato 4.2 ɗin, saurin tashi, wannan gaskiya ne, amma na farkon fitowa wajen shekarar 2000 sun yi suna wajen fasa fistin in suka yi zafi da kaya, shi yasa kake ganin arhar. Kai da zaka rinƙa shiga fadamun Logon da ita ka ƙara kuɗi ka nemi TD42. In kuma ka nace sai ita, a auna matsin silinda huɗun a gabanka, kuma ka sa mata agogon auna zafin salansa tun ranar farko.